Na Sayi Injin Gudu Mai Araha, Yanzu Ya Zama Maratayin Kaya

Anti, barka da aiki. Ni mace ce mai shekara 43, ina da yara uku, autan shekararsa 3. Wata uku da suka wuce likita ya ce jinina ya fara hawa, nauyina kuma ya kai kilo 88, ya ce lallai in riƙa motsa jiki. Fita waje tana yi mini wuya saboda aiki da yara, sai na tara kuɗi na sayi ƙaramin tiredmil, wato injin da ake tafiya ko gudu a kansa a ɗaki, irin wanda ake ninkewa a jingine, mafi araha da na samu. Ranar farko don ɗoki na kai saurinsa lamba 8, na yi ta gudu ina riƙe da ƙarfe har minti 20. Kwana shida na jera a haka. A na bakwai ƙwaurina ya ce bai san zance ba, da ƙyar na taka ƙasa. Daga baya bel ɗin, wato shimfiɗar robar da ke juyawa ana takawa, ya fara fizga idan na taka, wani lokaci kuma ina jin ƙauri kamar roba na ƙonewa. Maigidana ya ce araha ba ta ado, ko in sayar in huta, ko in ci bashi in sayi babba. Yau sati biyar ban hau ba, kaya muke ratayawa a kai. Na yi asarar kuɗina ne? Ko dai gudu ba na irina ba ne?

'Yar'uwa, ba ki yi asara ba, kuma ina roƙonki kada ki ci bashin ko sisi a kan wannan magana. Abu uku kika kawo mini, ciwon ƙwauri da fizgar bel da ƙauri, kowanne da sanadinsa daban, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke nufin a jefar da na'urar. Bari mu fara da ƙafarki, don ita ce ba a saya a kasuwa.

Mai tafiya, duk takun da ya yi, abin da ke sauka a kan ƙafarsa bai wuce nauyin jikinsa da ɗan ƙari ba. Mai gudu kuwa tsalle yake yi daga wannan ƙafa zuwa waccan, kowace dira tana sauke ninki biyu zuwa uku na nauyinsa. Ki lissafa da kilo 88: kusan kilo 200 ke nan a kowane taku. A cikin minti 20 kin yi taku wajen 3,000. Kika maimaita kwana shida a jere, ba hutu, a kan ƙafar da ta yi shekaru ba ta san gudu ba. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ki ji numfashinki ya daidaita. Ƙashi da jijiyoyin da ke manne da shi su ne masu nawa, watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. A nan masu farawa suke faɗawa rami, numfashi ya ce a ƙara, ƙafa ba ta shirya ba. Da na'urar da ta fi kowace tsada a duniya kika hau, kika yi mata wannan hawan ƙawara, da wannan ciwon za ki sauka.

Tun da kin huta sati biyar, ina kyautata zaton ya lafa. Amma ki gwada da kanki. Ki bi gefen ƙashin ƙwaurin ta ciki da yatsa kina dannawa. Idan tsami ne a baje, mai tsawo kamar tafin hannu, wannan shi ne na gajiyar da na faɗa. Idan kuwa akwai wuri ɗaya tak da kina dannawa za ki zabura, ko yana yi miki ciwo da dare kina kwance, ko ba ki iya ɗan tsalle a kan ƙafar, to kada ki hau komai sai likita ya duba, don wani lokaci ƙashin ne yake 'yar tsagewa. Kuma ko ba wannan, ki koma wurin likitan da ya ce jininki ya hau, ki gaya masa kina son ki kai ga gudu. Akwai magungunan hawan jini da ke rage bugun zuciya, wasu kuma suna sa jiri idan an tsaya farat ɗaya. Gara ya sani.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Abin da likita ya nema a wurinki, tafiya kaɗai ta isa ta biya shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, kuma tafiya da sauri tana ciki. Minti 30 sau biyar ke nan, kin cika mafi ƙaranci. Ga mai hawan jini, irin wannan motsi a kai a kai yakan sauke lambar sama ta awon jini da kamar maki 5 zuwa 8. Tafiya kuwa ita ce aikin da ƙaramar na'ura irin taki ta fi iyawa. Kin sayi abin da ya dace da bukatarki, kika ɗora masa aikin da bai kamata ku fara da shi ba, daga ke har shi.

Kafin komai ki duba allon, kilomita yake ƙirgawa ko mil? Ba ƙaramar tambaya ba ce. Lamba 8 a kilomita sassarfa ce. Lamba 8 a mil kusan kilomita 13 ce a awa, gudun da ko wanda ya daɗe yana yi sai ya yi gumi. Lambobin da zan ba ki duk na kilomita ne.

Sati huɗu na farko, tafiya kawai. Ki fara da minti 10 zuwa 15 a lamba 4. Duk sati ki ƙara minti biyar, ki ɗan matsa saurin, har ki kai minti 30 a wajen 5 da rabi ko 6. Ma'aunin da ya fi allon gaskiya shi ne bakinki: idan kina iya magana jimla jimla amma ba ki iya rera waƙa, kina daidai. Idan magana ta gagara sai kalma ɗaya ɗaya, ki rage. Kuma ki saki ƙarfen nan. Na san yana ba da natsuwa, amma mai riƙe ƙarfe yana rataye wani kaso na nauyinsa a hannu, yana ranƙwafawa, takunsa ya lalace, kafaɗa da baya su biya kuɗin. Saurin da ba za ki iya yi ba sai kin riƙe, ba saurinki ba ne tukuna. Ki rage har sai hannuwanki sun sake suna lilo da kansu, idonki a gaba, ba a kan ƙafafunki ba, takunki gajere. Ki sa takalmin kambas mai laushin ƙasa da safa, ban da silifas, ban da ƙafa tsirara, ban da tufa mai jan ƙasa da bel zai iya kamawa.

Hawa da sauka ma suna da ladabinsu. Ki tsaya ƙafa ɗaya a kowane gefe, ki kunna a mafi ƙarancin sauri, bel ya fara tafiya sannan ki taka. Wannan yana kare ki, yana kuma kare injin, don tayar da bel daga tsaye da mutum a kai shi ne aiki mafi nauyi da yake yi. In za ki gama, ki ba da minti biyar kina rage sauri a hankali. Jini yana taruwa a ƙafafu lokacin motsi, tsayawa kwatsam kan sa kai ya juya, balle ga mai shan maganin hawan jini. Idan kin sauka kika ji kamar ƙasa tana tafiya da ke, kada ki tsorata, cikin minti ɗaya ko biyu yake wucewa. Wanda ba a wasa da shi shi ne ciwo ko nauyi a ƙirji, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, ko duhu ya rufe ido. In kin ji ɗaya daga ciki, ki tsaya nan take, a nemi likita.

Gudu kuma na irinki ne, ba wanda aka haifa da shi a ƙafa. Akwai wani tsari da wani Ba'amurke, Josh Clark, ya fitar a 1996 mai suna Couch to 5K, wato daga kujera zuwa kilomita 5, wanda hukumar lafiya ta Birtaniya ta ɗauka tana koya wa jama'a. Sati tara ne, sau uku a mako, da ranar hutu tsakanin kowane biyu. Satin farko ga yadda yake: tafiya mai sauri minti biyar don jiki ya yi ɗumi, sannan gudu daƙiƙa 60, tafiya daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. A sati na tara ne ake kai wa gudun minti 30 ba tsayawa. Ki kwatanta da naki: abin da tsarin ya tanada sai an yi nisa a cikinsa, ke kin yi shi ranar farko. In kin gama watan tafiyarki ƙafa lafiya, ki shiga wannan tsari da sauri kaɗan, lamba 6 da rabi ko 7, gudun da za ki ji kamar ya yi sanyi da yawa. Satin da ya yi miki wuya, ki maimaita shi, ba wanda yake binki bashin sati tara. Ranakun hutu kuwa ba lalaci ba ne, a cikinsu ƙashi yake gyara kansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Za ki ji masu cewa dole a ɗaga na'ura hawan kashi 1 cikin 100 don ta yi daidai da gudun waje. Maganar ta samo asali ne daga wani bincike na 1996 da Andrew Jones da Jonathan Doust suka yi a Ingila a kan gogaggun masu gudu, a saurin da iska take ture mutum. A naki saurin, iskar ba ta kai ta kawo ba, ki bar shi a kwance. Nan gaba, idan tafiya ta yi miki sauƙi, ɗan tudu hanya ce mai kyau ta ƙara wahala ba tare da dukan ƙwauri ba.

To, mu koma kan na'urar. Ƙaurin da kike ji da fizgar bel sun fi kama da rashin kulawa fiye da lalacewa. A ƙarƙashin bel ɗin akwai katako mai santsi, bel yana gogarsa ne da nauyinki a kai. Idan tsakaninsu ya bushe, inji sai ya ja wuta fiye da ƙima don ya ci ƙarfin gogayyar, ya yi zafi, ƙauri ya tashi. A bar shi a haka, allon lantarkin da ke sarrafa injin ne zai ƙone, shi ne kuma gyara mai tsada. Ki zare filogi, ki ɗaga gefen bel a tsakiya, ki zura hannu. Ya kamata yatsunki su fito da ɗan maiƙo. Ranar da na fara yi wa tawa wannan gwaji, hannuna ya fito a bushe ƙamas, da baƙar ƙura kamar toka a kan farce, alhali wata biyu ina jin tana nishi ina cewa halinta ne. Na zuba mai, na kunna ta a lamba 3 na bar ta minti biyar. Ƙarar da ke hana ni jin rediyo ta koma ɗan shuu kamar na fanka. Man silikon zalla ake sawa, sau da yawa ana haɗo ƙaramar kwalbarsa a cikin kwali, ki duba ko taki tana nan. Kada ki sa man inji, ko giris, ko man girki, suna cinye robar. Littafin da ya zo da ita zai gaya miki yawan man da tazarar sawa, yawanci duk bayan 'yan watanni, ki bi nasa a kan nawa.

Fizga kuma, sabon bel yana saki bayan an ɗan yi amfani da shi. A can ƙarshen baya akwai noti biyu, dama da hagu, da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da aka ba ki don ɗaure su. Ki juya kowanne kwatan zagaye ɗaya ta hannun dama, daidai wa daida, ki hau ki gwada, ki ƙara kwata idan bai daina ba. Kada ki ɗaure tamau, wannan ma yana wahalar da inji. In kin ɗaga bel a tsakiya ya tashi kamar faɗin yatsu uku, ya isa. Idan yana karkata gefe ɗaya, notin gefen da yake gudu zuwa shi ake ƙara wa kwata. In kin yi duk wannan ƙaurin bai tafi ba, ko kika ga hayaƙi ko tartsatsi, ki zare filogi kada ki sake kunnawa, ki nemo takardar garanti, wata uku bai yi nisa ba.

Ban ce maigidanki bai da gaskiya ko kaɗan ba. Mai araha tana da iyaka, kuma gara ki san ta. Ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali sau da yawa na ɗan lokaci ne, wanda inji zai kai ya sauko. Na gaskiyar shi ne wanda zai iya riƙewa ba yankewa, ana rubuta shi CHP, kuma ya kan gaza wancan nesa ba kusa ba. Ki duba iyakar nauyin da aka rubuta. Idan kilo 100 ne, ke kina 88, kin kusa baki, don haka ki tsaya a minti 30 zuwa 40 a hawa ɗaya, ki bar ta ta huce kafin wani ya hau. Ki kuma auna bel ɗin da tef. Wanda tsawonsa bai wuce santimita 110 ko 120 ba, faɗinsa 40, na tafiya ne da sassarfa. Mai buɗe ƙafa ya yi gudu sosai yana bukatar wajen 130 zuwa 140 a tsawo. Ke dai ba ki zo nan ba, kuma za ki yi watanni kafin ki zo. Ki jona ta a soket ɗin bango tare da abin kare ta daga hawa da saukar wuta, ba a siririyar wayar ƙari ba. Ki shimfiɗa tabarmar roba a ƙasanta, tana rage ƙara da ƙura. Ki ajiye fanka a gabanki, don a ɗaki babu iskar da za ta busar da gumi, zafi kan gajiyar da mutum kafin ƙafarsa ta gaji.

Akwai layi ɗaya a wasiƙarki da ya fi tsaya mini a rai, ba ki ma ɗauke shi matsala ba: autanki mai shekara 3. 'Yar'uwa, ki saurare ni a nan ko da kin manta sauran. Yaro yana zuwa ne ta baya, inda ba ki gani, ƙarar inji ta rufe takunsa, ya ga abu yana juyawa ya kai hannu. Bel mai tafiya yana goge fatar ɗan yatsa cikin daƙiƙu, ƙuna mai zurfi da wani lokaci sai an yi dashen fata. A 2021 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka da Peloton, kamfani mai ƙera irin waɗannan injuna, sun janye na'urori kusan 125,000 daga hannun jama'a bayan wani yaro ya rasu, aka kuma samu rahotanni fiye da 70 na manya da yara da dabbobin gida da kayayyaki da bel ya ja ƙarƙashi. Wannan na'ura ce mai tsadar gaske, kin ga haɗarin ba ruwansa da araha. Idan za ki hau, ƙofa a kulle, ko yaron yana hannun babba. Ki juya na'urar yadda fuskarki za ta kalli ƙofa. Ki bar fili kamar mita 2 a bayanta, kada ki manna bayan da bango, don wanda ya faɗi ya samu wurin zamewa maimakon ya maƙale bel yana gurzarsa. Jar igiyar nan mai maganaɗisu a baki, ki maƙala ta a rigarki kowane hawa, ita ce ke kashe inji idan kin zame. In kin gama ki cire ta ki ɓoye a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, ki zare filogi, ki tabbata maƙallin ninkewa ya kama kafin ki juya baya.

Sai gundura, wadda ta fi ciwon ƙafa korar mutane daga wannan na'ura. Ba laifinki ba ne idan minti goma ya zame miki kamar awa. Kakan wannan inji, wanda Injiniya William Cubitt ya ƙera a Ingila a 1818, don fursunoni aka yi shi, su yi ta taka abu ɗaya ba sa zuwa ko'ina. Ki yi wa kanki dabara. Ki rufe allon da tawul, ki ware wani shiri ko karatu da kike so wanda ba za ki saurara ba sai kina kai, ki tsayar da lokaci ɗaya a rana. Lambar kalori da allon ke nunawa kuwa ƙiyasi ne kawai, bai san jikinki ba. A nauyinki, tafiyar kilomita 3 tana ƙona kalori wajen 200, kilo ɗaya na kitse kuma yana ɗauke da kusan 7,700. Don haka sikeli zai yi jinkiri, musamman idan ba a taɓa abinci ba, kada ya karya miki gwiwa. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta minti nawa kika yi, da awon jininki, da yadda kika yi barci, da ko kin hau bene ba ki tsaya haki ba. A nan za ki fara ganin canji.

Da maigida kuma kada ki tsaya musu a kan wanda ya fi gaskiya. Ki miƙa masa ƙarfen ɗaure notin ku duba bel ɗin tare, ki roƙe shi rabin awa na riƙe autan a ranakun da za ki hau. Idan wata rana kin kai gudun minti 30 sau uku a mako, kin riƙe haka wata da watanni, kika ji bel ya yi wa takunki kaɗan, sai a yi maganar babba, da kuɗin da aka tara.

Yau da daddare ki kwashe kayan da ke kanta, ki zura hannu ƙarƙashin bel ki ga abin da zai fito. Gobe minti goma a lamba 4, igiya a riga, ƙofa a kulle. Bayan sati huɗu ki sake rubuto mini, da abin da ke cikin littafin naki da labarin ƙwaurin.